Sakar Wa Bankuna Mara: Abin Da Nijeriya Ta Girba Tun Daga 1986

A cikin watan Janairu na shekarar 1998, Babban Bankin Nijeriya ya soke lasin bankuna 26 a rana ɗaya, ya kuma miƙa su ga Hukumar Inshorar Kuɗin Ajiya, watau NDIC, domin ta sayar da kadarorinsu ta sallami masu ajiya. A wancan lokaci abin da doka ta yarda hukumar ta biya kowane mai ajiya kai tsaye bai wuce Naira 50,000 ba, kome yawan abin da ya tara. Saboda haka ɗan fanshon da ya zuba kuɗin sallamarsa, da ɗan kasuwar da ya ajiye jarinsa, duk sai suka koma jiran abin da za a samu daga gwanjon gine-gine da motocin bankunan, jiran da ya ɗauki wasunsu shekaru masu yawa.

Da dama daga cikin waɗannan bankuna sababbi ne, an kafa su ne bayan da Gwamnatin Tarayya ta sassauta dokokin harkar kuɗi a shekarun 1986 da 1987, bisa fatan cewa yawan bankuna da gasa a tsakaninsu za su kawo yalwar rance ga manoma da masu masana'antu, tattalin arzikin ƙasa kuma ya bunƙasa. To, me ya sa shirin da aka tsara domin a haɓaka arziki ya ƙare da kulle ƙofofi? Wannan tambaya ta shafi kowane ma'aikaci da albashinsa ke bi ta banki, ta kuma shafi ɗaliban da nan gaba za a ɗora wa alhakin tsara irin waɗannan manufofi.

Zamanin Linzami

Kafin 1986 harkar banki a Nijeriya tana tafiya ne a hannun hukuma. Babban Banki, wanda ya fara aiki ran 1 ga watan Yuli 1959, shi ne ke yanke yawan ruwan da banki zai biya mai ajiya da wanda zai karɓa daga mai rance. Kowace shekara kuma yana fitar da takardar umurni wadda ke faɗin yawan rancen da bankuna za su bayar, da kason da za a ware wa noma, da na masana'antu, da na gine-gine. A 1976 gwamnati ta mallaki kashi 60 cikin 100 na hannun jarin manyan bankunan Turawa, sa'an nan a 1977 ta fito da shirin da ya tilasta wa bankuna buɗe rassa a ƙauyuka. A wannan shekara ce kuma aka kafa asusun da ke tsaya wa manoma, wanda ke biyan banki kashi 75 cikin 100 na bashin da manomi ya kasa biya.

Wannan riƙo yana da dalili. A farkon shekarun 1950 bankunan 'yan ƙasa masu yawa sun karye da kuɗin jama'a, a wannan zamanin ne kuma aka yi dokar banki ta farko a 1952. Bankunan Turawa kuwa hankalinsu yana kan kamfanonin da ke fitar da gyaɗa da auduga da koko, ba su cika kula ɗan kasuwar gida ba. Irin wannan damuwa ce ta sa aka kafa Bankin Arewa a 1959, da hedkwatarsa a Kano.

To amma linzamin ya zo da nasa lahani. A 1975 farashin kaya ya hau da fiye da kashi 30 cikin 100, alhali ruwan da ake biya a kan ajiya bai wuce kashi 4 ba. Alal misali, malamin makarantar da ya ajiye Naira 100 a farkon shekara zai tarar da Naira 104 a ƙarshenta, amma kayan da Naira 100 ke saya a da sun koma Naira 130 ko fiye. Ashe ajiyar tasa hasara ce. Don haka mai hankali sai ya gwammace ya sayi fili ko shanu, ko ya shiga adashi. Ta ɗaya gefen kuma, tun da rance yana da araha ƙwarai, masu nemansa sun fi abin da ake da shi yawa, sai ya zamana wanda ya san manaja ko wani babba a ma'aikata shi ke samu. Bankunan ma ba su da abin da zai sa su yi zafin nama, har aka riƙa zolayar cewa mai zuwa karɓar albashi ya tafi da tabarmarsa.

Shawarar Masana

A 1973 wasu masana biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Ronald McKinnon da Edward Shaw, kowannensu ya wallafa littafi a kan wannan matsala, suka kira ta danne harkar kuɗi. Hujjarsu ita ce, idan aka bar kasuwa ta yanke kuɗin ruwa, mutane za su fito da abin da suka ɓoye su kai banki, bankuna su sami abin bayarwa, kuma rance ya tafi ga sana'ar da ta fi riba maimakon mai uwa a gindin murhu. Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Koriya ta Kudu, wadda a 1965 ta ninka ruwan da ake biya a kan ajiya, kuɗin da ke cikin bankunanta kuma suka ƙaru ainun cikin 'yan shekaru kaɗan.

Sai dai tun kafin Nijeriya ta ɗauki wannan hanya an riga an ga inda take da santsi. Ƙasar Chile ta Kudancin Amurka ta saki bankunanta gaba ɗaya a tsakiyar shekarun 1970, ba tare da ta ƙarfafa masu binciken littattafansu ba. Masu bankuna suka riƙa ranta wa kamfanonin kansu kuɗin jama'a, a 1982 kuma tattalin arzikin ƙasar ya faɗi da wajen kashi 14 cikin 100, har gwamnati ta koma ta karɓe manyan bankunan da ta sayar. Wani masani, Carlos Diaz-Alejandro, ya yi rubutu a kan haka a 1985, yana gargaɗin cewa rabuwa da danniya ba tare da shiri ba yana iya jawo karayar bankuna. Tun a 1981 kuma Joseph Stiglitz da Andrew Weiss sun nuna cewa idan kuɗin ruwa ya yi tsada ƙwarai, mai sana'ar kirki shi ke fara janyewa, domin ya san ribarsa ba za ta biya ba, sai a bar banki da masu kasada da waɗanda dama ba su da niyyar biya.

An Saki Mara

Faɗuwar farashin man fetur da nauyin bashin ƙasashen waje su suka tura gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ga shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, a watan Yuli 1986, da goyon bayan Bankin Duniya. A watan Satumba na shekarar aka fara gwanjon kuɗin ƙasashen waje, aka bar bankuna su riƙa saye su sayar wa abokan hulɗarsu. A watan Agusta 1987 aka cire ƙayyade kuɗin ruwa, aka kuma sauƙaƙa sharuɗɗan ba da lasin buɗe banki.

Nan da nan bankuna suka yi ta tsirowa. A 1985 ƙasar tana da bankuna 40, amma kafin ƙarshen 1992 sun kai 120, ban da ɗaruruwan kamfanonin ba da rance da na bashin gina gidaje. Gwamnati da kanta ta ƙara da Bankin Jama'a a 1989 domin masu ƙananan sana'o'i, da kuma bankunan al'umma, waɗanda aka buɗe na farkonsu a Kaduna a ƙarshen 1990.

Ba za a ce ba a ga wani amfani ba. Sababbin bankuna irin su Zenith da Guaranty Trust, waɗanda aka kafa a 1990, sun shigo da kwamfuta da saurin aiki, suka tilasta wa tsofaffin bankuna farkawa. Mai ajiya ya zama abin nema bayan da ya daɗe yana zaman mai roƙo. Tattalin arzikin ƙasa ma ya ɗan farfaɗo tsakanin 1988 da 1990, ko da yake rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986 da kyautatuwar kasuwar mai suna da babban hannu a wannan.

Inda Kuɗin Suka Nufa

Matsalar ita ce abin da ya jawo mutane ga buɗe banki. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan fi Dalar Amurka ɗaya daraja. A 1987 Dala ta kai wajen Naira 4, a 1990 Naira 8, a 1993 kuma Naira 22 a farashin hukuma. A mafi yawan wannan lokaci akwai tazara tsakanin farashin da Babban Banki ke sayar wa bankuna Dala da farashin da take tashi a hannun 'yan canji. Tun da mai lasin banki ne kaɗai ke da ikon shiga gwanjon, sai lasin ya zama wata hanya ta samun kaso. Banki zai sayi Dala da safe a farashin hukuma, ya karkatar da ita kasuwar bayan fage, ya kwashi riba cikin 'yan kwanaki. Wane manaja ne zai bar wannan ya ba manomin shinkafa rancen da sai bayan girbi za a gani, ko ya ba masaƙa kuɗin sayen injin da sai bayan shekara biyar zai biya kansa? Wasu masana biyu, Peter Lewis da Howard Stein, da suka yi nazarin wannan zamani a 1997, sun nuna cewa yawancin sababbin bankunan sun dogara ne ga cinikin kuɗin waje da juya kuɗi a tsakanin junansu, kuma rabon lasin kansa ya bi hanyar kusanci da masu mulki.

Abu na biyu shi ne gwamnati ba ta kama bakin aljihunta ba. Tana kashe fiye da abin da take samu, tana cike giɓin da rance daga Babban Banki, abin da ya rura wutar tsadar kaya. Farashi ya hau da kashi 57 cikin 100 a 1993 da 1994, ya kuma zarce kashi 70 a 1995. Don a rage yawan kuɗin da ke yawo, sai aka riƙa tilasta wa bankuna sayen takardun lamunin gwamnati, watau kuɗin da ya kamata su je ga masu sana'a suka koma hannun hukuma. Masu masana'antu a Kakuri ta Kaduna da Bompai da Sharaɗa ta Kano suka sami kansu a tsakanin tsadar kayan gyara daga waje da tsadar rance a gida.

Abu na uku shi ne an saki doki kafin a ɗaura masa sirdi. Hukumar NDIC sai a 1988 aka kafa ta, ta fara aiki a 1989. Ƙa'idojin da suka wajabta wa bankuna bayyana basussukan da suka maƙale sai a watan Nuwamba 1990 aka fito da su, sabuwar dokar banki kuwa sai 1991. Kafin nan an riga an raba lasin da yawa, masu bincike kuma ba su kai yawan da za su bi littattafan bankuna fiye da ɗari ba. Daraktoci da 'yan'uwansu suka riƙa ɗibar rance ba jingina. A bankunan gwamnatocin jihohi kuma, gwamnatocin da suka mallake su suna cikin manyan masu cin bashin da ba a biya ba.

Har ila yau ita kanta manufar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. An sake ƙayyade kuɗin ruwa a 1991, aka cire a 1992, aka mayar a 1994 a zamanin Janar Sani Abacha tare da tsayar da Dala a Naira 22, sa'an nan aka sake saki a 1996. Mai son kafa masana'anta ba shi da yadda zai lissafa abin da rance zai ci masa nan da shekara biyu.

Ranar Biyan Bashi

Alamar farko ta bayyana a 1989, sa'ad da gwamnati ta umurci ma'aikatu da hukumominta su kwashe ajiyarsu daga bankuna su mayar Babban Banki. Nan take aka gane cewa bankuna da dama da kuɗin gwamnati suke numfashi. A 1993, shekarar da rikicin soke zaɓen 12 ga watan Yuni ya girgiza ƙasa, kamfanonin ba da rance suka yi ta rushewa da kuɗin mutanen da aka yaudara da alkawarin riba mai tsoka. Kafin ƙarshen 1995 bankuna 60, watau wajen rabin bankunan ƙasar, suna cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Gwamnati ta yi dokar soja mai lamba 18 ta 1994, ta kafa kotuna na musamman da suka gurfanar da shugabannin bankuna da masu taurin bashi, amma a lokacin ɓarna ta riga ta auku. Daga nan ne aka kai ga soke lasin bankuna 26 a 1998. Hausawa kan ce taron tsintsiya ba shara, kuma abin da ƙasar ta gani ke nan: bankuna sun ninka sau uku, amma a cikin shekarun 1990 da ƙyar bunƙasar arziki ke tafiya daidai da ƙaruwar jama'a.

Haɗe Bankuna

Ran 6 ga watan Yuli 2004 Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya juya akalar. Ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25, watau biliyan 25, kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. A cikin wannan haɗaka ce Bankin Arewa ya shiga cikin bankuna tara da suka zama Unity Bank. Manyan bankunan da suka fito sun sami ƙarfin ba da rance ga kamfanonin wayar hannu da na siminti, wasunsu kuma suka buɗe rassa a sauran ƙasashen Afirka.

Amma tsohon ciwo ya dawo da sabuwar riga. Kuɗi sun yi wa bankuna yawa fiye da yadda suka iya sarrafa su, sai suka shiga ba mutane rance domin sayen hannun jari, har da na bankin da ya ba da rancen, suka kuma zuba kuɗi masu yawa ga masu shigo da tataccen mai. Da kasuwar hannun jari ta fara faɗuwa daga watan Maris 2008, farashin mai kuma ya karye a ƙarshen shekarar, sai basussukan suka maƙale. Ran 14 ga watan Agusta 2009 sabon Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna biyar, daga baya ya ƙara uku, aka kuma zuba Naira miliyan dubu 620 domin a tsamo bankunan da suka nutse. A 2010 aka kafa kamfanin AMCON ya sayi ruɓaɓɓun basussuka. A wannan karo masu ajiya ba su yi hasarar kuɗinsu ba, amma nauyin ya koma kan dukiyar jama'a, ƙananan masu hannun jari kuma, ciki har da ma'aikatan da suka ci bashi suka saya, sun ji jiki.

Ma'aunin Gaskiya

Duk wannan ba ya nufin cewa banki ba shi da tasiri a kan arzikin ƙasa. A 1993 Robert King da Ross Levine sun duba alƙaluman ƙasashe wajen 80 na tsakanin 1960 da 1989, suka tarar cewa ƙasashen da harkar bankinsu ta yi zurfi sun fi saurin bunƙasa a shekarun da suka biyo baya. Amma abin da suka auna shi ne yawan kuɗin da ke bi ta bankuna da kason da ke isa ga 'yan kasuwa masu zaman kansu. Ba su ƙidaya yawan allunan da aka kafa a bakin titi ba.

Idan aka ɗora Nijeriya a wannan ma'auni, za a ga da sauran tafiya. A shekarun da suka biyo bayan 2010 rancen da bankuna ke ba masu zaman kansu bai kai kashi 20 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba, alhali a Afirka ta Kudu ya haura kashi 50. Noma, wanda ke kawo fiye da kashi 20 na arzikin ƙasa, ya daɗe yana samun ƙasa da kashi 5 na rancen bankuna, harkar mai da iskar gas kuwa tana kwashe kaso mafi tsoka. Binciken ƙungiyar EFInA ya nuna cewa a 2010 kashi 46 cikin 100 na manyan mutane ba su hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi. Adadin ya sauko zuwa kashi 26 a 2023, amma a Arewa maso Yamma ya kusa rabi.

Dalilan wannan giɓi sanannu ne. Manomin da gonarsa ta gado ce ba shi da takardar mallaka da zai ba da jingina. Shari'ar karɓo bashi tana daɗewa a kotu, saboda haka banki ya fi son ya ranta wa gwamnati. Akwai kuma dimbin Musulmi da ke ƙaurace wa banki saboda haramcin riba, waɗanda sai a watan Janairu 2012 suka sami cikakken banki marar ruwa, sa'ad da Jaiz ya buɗe rassa a Abuja da Kaduna da Kano. Yaɗuwar wakilan banki masu na'urar POS a kasuwanni da ƙauyuka ta sauƙaƙa aikawa da karɓar kuɗi ƙwarai, sai dai aika kuɗi daban, samun jarin noma ko na sana'a daban.

Abin Da Ya Rage

A watan Maris 2024 Babban Banki, a ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya sake umurtar bankuna su ƙara jari, inda aka yanka wa masu hulɗa da ƙasashen waje Naira miliyan dubu 500, aka kuma ba su wa'adin shekara biyu. A shekarar ce kuma aka ɗaga abin da NDIC ke biyan mai ajiya a bankin kasuwanci zuwa Naira miliyan 5. Matakai ne masu kyau, amma tarihin 1987 da na 2005 ya nuna cewa yawan bankuna ko girman jarinsu ba su isa su kai kuɗi gona da masaƙa ba.

Abin da tarihin ya koyar shi ne akwai ayyukan da ya wajaba a gabatar kafin a sassauta doka. Sai gwamnati ta daidaita kashe kuɗinta domin farashi ya natsu, ta kuma daina gasa da 'yan kasuwa wajen neman rance. Sai an toshe tazarar farashin kuɗin waje, domin muddin tana nan ba sana'ar da za ta kai ta riba. Sai an horar da isassun masu bincike, an ba su ikon hukunta darakta kome girmansa. Sa'an nan sai an gyara rajistar filaye da aikin kotuna, yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya nuna abin da ya mallaka, banki kuma ya tabbata zai karɓo haƙƙinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yawancin waɗannan ayyuka ba a cikin banki ake yin su ba. Suna kan teburin akawun ofishin filaye, da magatakardar kotu, da jami'in baitulmali, da mai binciken kuɗi. Ɗaliban da ke karatun tattalin arziki da aikin akanta a yau su ne za su gaji waɗannan kujeru, kuma a hannunsu amsar take, ko ajiyar ma'aikaci za ta zama jarin manomi, ko kuwa za a sake taruwa a ƙofar bankin da aka garƙame. Allah ya sa a yi amfani da abin da aka gani.